Abin taɓawa mara zaƙi na shagalin Halowin ɗin yara: sosej mai bandeji, fiza, ƙwan gizo-gizo ko mitfai ɗinmu na gida?

Da zarar watan Oktoba ya kama a nan Amurka, haka ma Kanada da Ingila, sai kiga saƙo ya shigo daga makarantar yara wai za a yi ɗan shagalin Halowin, bikin nan da yara ke yin shigar ban tsoro ana raba musu alewa, a aji ranar 31 ga wata ko Juma'ar da tafi kusa, kowace uwa ta rubuta abinda zata kawo. Kafin ki gama karantawa wasu sun kwashe gurbin alewa da kek da jus da farantan takarda, abinda ya rage shine abu mai gishiri, kuma ana so yazo da siffar ban tsoro irin wadda yara ke so. Anan ne da yawanmu muke tsayawa cak, saboda abinda hannunmu ya saba dashi su mitfai da samosa da tsire bamu taɓa yi musu ido da haƙora ba, abinda Turawan nan kuma suke yi sau da yawa da naman alade a ciki.

Kafin in shiga magana, nasan akwai gidajen da basa barin yaransu su shiga harkar Halowin kwata-kwata, kuma suna da hujjarsu, bikin ya samo asali ne daga tsofaffin al'adun mutanen Ailan da Sikotlan kafin 'yan ci-ranin Ailan su kawo shi Amurka wajajen 1840 zuwa 1850 lokacin da yunwa ta koro su. Ba fatawa nazo bayarwa ba, wannan kije wajen malaminki. Idan kin yanke cewa ɗanki bazai shiga ba ki rubuta wa malamar ajin da wuri, makarantu sun saba da haka. Maganata da wadda ta riga ta yanke zata kai abu ne, ko dan ta tabbatar akwai abu ɗaya a teburin da ɗanta zai ci hankali kwance, ko kuma makarantar ma bikin kaka ta kira shi, kabewa da ganye kawai.

Toh abinda nakeso ki riƙe shine ba kyan hoto ne zai zaɓar miki ba. Duk abubuwan nan suna da kyau a hoto minti biyar bayan an fito dasu daga obin. Tambayar gaskiya itace a ina za a ci, awa nawa zai yi a ajiye kafin a ci, kuma yaran shekarunsu nawa. Shagalin aji yawanci sai awar ƙarshe kafin a tashi ake yinsa, ke kuma ƙarfe takwas na safe kika ajiye yaro kika wuce aiki, kinga abincin zai yi awa biyar ko shida akan teburin malama. Ƙa'idar da ma'aikatar gona ta Amurka ta bayar kuwa awa 2 ce ga duk abinda yake da nama ko ƙwai ko madara a waje da firij, in zafi ya wuce 32 a ma'aunin salshiyos, wato 90 a nasu ma'aunin, ta koma awa 1. Wannan maganar kaɗai ta sauya lissafin komai, shiyasa zan dinga dawo da ita akan kowane ɗaya.

Mu fara da wanda kowa ya fi yi, sosej da aka nannaɗe da kullu ya zama kamar gawar Misirawan da aka naɗe da bandeji. Sauƙinsa ne yasa ya shahara, gwangwanin kullun Pillsbury ɗin nan na firij ɗaya, sosej takwas zuwa goma, shikenan. Ki warware kullun ki haɗe layukan da aka tsattsaga da yatsa, ki yanka shi sirara kamar faɗin fensir, sannan abinda mutane basa faɗa, ki goge sosej ɗin da tishu ya bushe sosai, in ba haka ba kullun zai dinga zamewa yana taruwa a gefe guda. Ki naɗa a karkace ba a jere ba, wani ya hau wani, ki bar ɗan fili kusa da kai inda fuska zata zauna. Obin a 190, wato 375, minti 12 zuwa 15. Idon kuma sai ya huce ake sawa, ki tsoma tsinken sakace a mastad ko mayonis ki ɗiga biyu, in kika sa da zafi narkewa zai yi ya gangaro. Yara suna cinye shi tas, wannan kam babu musu, kuma yaro ɗan shekara shida zai iya tayaki naɗin, saboda ko ya naɗa a hargitse ma kyau yake ƙarawa.

Amma yana da matsaloli biyu manya. Na farko naman. Sosej ɗin kantunan nan da yawa akwai alade a ciki, wanda aka rubuta naman sa ko talo-talo ma ba lallai yankan Musulunci bane, wani kuma fatar da aka ɗura naman a ciki ta wata dabbar ce daban, dan haka kije shagon halal na Larabawa ko 'yan Pakistan ki sayo mai tambari, ya fi tsada amma hankalinki a kwance. Kullun kanti ma ki juya ki karanta bayansa, wanda ake yin fai dashi musamman wasu da kitsen alade ake yinsu, kalmar da zaki nema a jerin kayan haɗin itace lard. Na biyu kuma, wanda ya fi tayar min da hankali, shaƙewa. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta daɗe tana saka sosej a sahun gaba na abincin da ke maƙale wa yara a maƙogwaro, saboda faɗinsa daidai yake da hanyar numfashin ƙaramin yaro, yana toshe ta kamar marfin kwalba. Yaron da bai kai shekara 4 ba ba a bashi sosej a dunƙule ko a yanka zagaye-zagaye, sai an tsaga shi a tsaye an ƙara yankawa ƙanana, in kika yi haka kuwa siffar gawar ta tafi. Dan haka in ajin 'yan rainon yara ne ko firi-skul dan Allah ki manta da wannan gaba ɗaya, yara suna guje-guje da kayan shigar dodanni baki cike, malama ɗaya ko biyu bazasu iya sa ido akan kowa ba. Ga kuma in ya huce kullun yana yin laushi ya yi maiƙo, minti talatin na farko ne daɗinsa.

Sai fiza ƙanana mai fatalwa. Gurasar Larabawa ƙanana ko gurasar Indiyawa da ake ce wa naan zaki samu, ki shafa miyar tumatir, sai a yanka cuku mai fale-fale da abin yankan biskit mai siffar fatalwa a ɗora. Sirrinta ɗaya ne, ki fara gasa gurasar da miyar su kaɗai, cukun sai a minti ɗaya ko biyun ƙarshe, da ya fara sheƙi ki fito da ita, in kika bari ya narke sosai farin tabo kawai zaki gani babu kai babu hannu. Gogaggen cuku bazai yi ba sai mai yanka-yanka. Ido ki yanko ɗan baƙin zaitun. Abinda ta fi sosej dashi shine babu nama, kinga maganar halal ta ragu sosai, yaran Indiyawa da basa cin nama ma zasu ci, kuma ajujuwan nan cike suke da yara kala-kala, in kika kawo abinda kowa zai iya ɗauka malama zata ji daɗinki. Masu taka-tsantsan akan cuku su nemi wanda aka rubuta an daskarar dashi da sinadarin da ba na cikin dabba ba, akwai su da yawa. In zaki sa nama kada ki ɗauki fefaroni na kanti kai tsaye, asalinsa alade da sa ne a haɗe.

Inda fiza ta gaza shine tafiya. Ba a ɗora wata akan wata, fatalwar ta ƙasa zata manne a gindin ta bisa, dan haka fiza 24 sai kin nemi faffaɗan tire biyu ko uku, ki ɗauko su a mota a hankali ga yara ga jakunkuna. In kika rufe da leda da ɗuminta gumi zai sauka gurasar ta jiƙe. Ga miyar tumatir akan kayan shigar da iyaye suka kashe kuɗi suka saya. Ni a wajena fiza ta shagalin gida ce, inda obin ke kusa, kina fitarwa ana ci, har ma ki jera gurasa da cuku kowane yaro ya haɗa tasa, wannan kaɗai zai cinye musu rabin awa suna murna.

Ƙwan gizo-gizo kuwa bazan ɓata miki lokaci akansa ba. Dafaffen ƙwai ne a raba biyu, a kwaɓa ƙwanduwar da mayonis a mayar, a ɗora rabin zaitun a matsayin jiki, a yanka sirara takwas a matsayin ƙafafu. A hoto babu wanda ya kai shi kyau, kuma yaranmu da suka ji tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi suna sonsa a ido. Amma kiyi lissafi, yara 24 ƙafa takwas-takwas, ƙafa 192 kenan zaki yanka ki jera ɗaya bayan ɗaya da tsinke. Sannan ƙwai da mayonis yana saurin lalacewa a waje, ana buɗe robar warin ƙwai ya cika aji, ƙwai yana cikin manyan abubuwan da ke tayar wa yara da borin jini, kuma yawancin yara cire zaitun ɗin suke su ajiye a gefen faranti. Manya ne ke cinsa. In iyaye zasu zo gidanki ki yi musu faranti ɗaya, amma ba na aji bane.

Yanzu ga wanda zuciyata tafi kwantawa dashi, mitfai ɗinmu da muka sani amma a yi shi zagaye da fuskar kabewa. Turawan nan suna da al'adar fafe kabewa su yanka mata ido da hanci mai kusurwa uku da baki mai giɓi su sa kyandir a ciki, can Ailan da wani tushe mai kama da rogo zagayayye suke yi, da suka zo Amurka suka tarar da kabewa tafi girma da sauƙin fafewa. Wannan fuskar ce zaki yanka a saman mitfai. Ga wadda bata son siffar fatalwa ko mayya ko gawa a hannun ɗanta, wannan ya fi sauƙi a rai, kabewa ce dai, wadda muke miyar taushe da ita.

Kullun shine wanda kika sani, fulawa giram 500, bota mai sanyi giram 250, bekin fauda ƙaramin cokali ɗaya, gishiri, ruwan sanyi kaɗan-kaɗan har ya haɗu, kada ki murza shi da yawa, ki sa a firij rabin awa. Bambancin yana wajen haɗin ciki. Tunda zaki huda saman, haɗin da ke da romo zai ɓulɓulo ta ido da baki ya ƙone akan tire, fuskar ta dame. Dan haka niƙaƙƙen nama da albasa da dankalin turawa da karas a yanka su ƙanana sosai, kori da tayim da tafarnuwa, in ya dahu ki barbaɗa cokali ɗaya na fulawa ki juya har ya kama jikinsa, sannan ki barshi ya huce sarai, ba ɗumi-ɗumi ba, sanyi ƙalau, in da hali ki yi shi tun daren jiya. Attaruhu ki rage ƙwarai ko ki cire, abinda ɗanki yake ci yana dariya zai sa ɗan wata kuka. Ki fitar da zagaye biyu da bakin kofi, ɗaya gindi ɗaya marfi, ki yanka fuskar akan marfin yana kan katako kafin ki ɗora, da tsinin ƙaramar wuƙa, kuma ki yi ramukan ƙanana fiye da yadda kike so su fito saboda suna buɗewa a wuta. In kika shimfiɗa ɗan siririn cuku mai ruwan lemo tsakanin nama da marfin, yana hana naman bushewa kuma idanun sai su fito jajur kamar an kunna wuta a ciki. Ki danne gefe da cokali mai yatsu. Kalar kabewa kuma ba sai kin sayo kalar kwalba ba, ɗan kurkur da garin jan tattasai mara yaji a cikin ƙwan shafawa ya wadatar. Obin a 180, wato 350, minti 25 zuwa 30.

Me yasa nace ya fi? Na ɗaya naman kin san inda kika sayo, kullun ke kika kwaɓa, babu wani karanta bayan leda da zullumi. Na biyu niƙaƙƙen nama ne mai laushi, haɗarin maƙalewa bai kai na sosej ba ko kusa. Na uku shine kaɗai a cikin waɗanda ake gasawa wanda in ya huce ɗanɗanonsa bai mutu ba, kuma ana jera shi a roba wani kan wani in ya huce babu abinda zai samu fuskar. Ana iya haɗa shi ɗanye a daskarar a firiza tun sati guda kafin ranar, ranar kawai ki shafa ƙwai ki gasa ki ƙara masa 'yan mintuna. Sannan akwai wani abu da ba a auna shi da cokali, yaro ya ga abokansa suna rububin abincin gidansu suna tambayar wa ya kawo wannan, wallahi yana ƙara masa jin kansa a cikin aji, yaranmu da yawa suna ɓoye abincin gida a lokacin cin rana saboda kada a ce musu wani abu.

Amma gaskiya ɗaya ce, shine ya fi duka cin lokaci, guda 24 da yankan fuska ki ware awa biyu zuwa uku, in kina aikin dare ko kina da jariri a hannu wannan ba ƙaramin abu bane. Kuma kada sabo ya ruɗe mu, mun tashi muna ganin mitfai a cikin gilashin shago tun safe har yamma ana saye ana ci, sai muke ganin kamar shi baya lalacewa. Nama ne a ciki, ƙa'idar awa 2 ɗin nan ta hau kansa kamar yadda ta hau kan sosej, balle yaran wasu ne amana a hannunki. In bazaki iya kai shi da kanki daf da lokacin shagalin ba, ki tambayi malama ko akwai firij a ɗakin malamai, ko ki sa shi a kula da ƙanƙara bayan ya huce. Samosa ma wasu suna kaiwa saboda kusurwa ukunta tana kama da hular mayya, amma suya ce, in ta yi awa ɗaya a rufe ta saki, ni ban ga ribarta akan mitfai ba.

Akwai wata magana da ta shafe mu mu kaɗai wadda bazaki ji ta a bakin Turawa ba, itace yaji. Yajin tsire da ƙuli-ƙuli ake yinsa, ƙuli-ƙuli kuwa gyaɗa ce zalla. Hannunmu ya saba, ɗan barbaɗe a nama dan ɗanɗano, bama ma lissafa shi a matsayin gyaɗa. A nan kuwa akwai yaran da ɗan mitsitsin gyaɗa zai kumbura musu maƙogwaro numfashi ya gagara sai an caka musu allurar gaggawa an kira motar asibiti, shiyasa ajujuwa da yawa suka hana gyaɗa shiga gaba ɗaya. Dan haka babu yajin tsire, babu man gyaɗar da aka aiko miki dashi daga gida, har katakon yanka da turmin da kika daka yaji a ciki ki wanke su fes ko ki yi amfani da wasu. Riɗi ma haka, tun 1 ga Janairun 2023 dokar Amurka ta saka shi na 9 a jerin manyan abubuwan da dole a bayyana a jikin abinci, tare da madara, ƙwai, kifi, su jatan lande da ƙaguwa, 'ya'yan itace masu ɓawo irin su yazawa, gyaɗa, alkama da waken soya. A Ingila jerin nasu 14 ne. Mitfai ɗin nan da nake yabo yana da alkama da bota da ƙwai, magin da kika sa ma ki duba kwalinsa, sau da yawa akwai waken soya ko alkama. Abinda ya dace ki rubuta duk abinda kika zuba a 'yar takarda ki manna a marfin robar, komai ƙanƙantarsa. In an ce akwai mai matsalar ƙwai a ajin ki shafa mai a madadinsa, sheƙin zai ragu kaɗan shikenan. Sannan in kin ga ana baƙanta kullu da garin gawayin da ake sayarwa a shagon magani dan ya yi duhun Halowin, kada ki bi, gawayin yana zuƙe magani a ciki, baki san yaron da ke shan magani kullum ba.

Duk wannan bayanin kuma zai iya tashi a banza in baki fara tambayar abu ɗaya ba, shin makarantar tana karɓar abincin gida ma kuwa? Da yawa yanzu sun daina, sai na kanti wanda yake a rufe da jerin kayan haɗinsa a jiki. Ki aika wa malama saƙo tun farkon wata kafin ki sayi ko da fulawa. In haka dokar take kada ki ji kamar kin gaza, akwai hanya mai sauƙi wadda ma tafi dacewa da mai ajiye abu tun safe, a yi wa ledar ado a bar abincin yadda yake. Cukun nan dogo fari da ke zuwa ɗai-ɗai a ledarsa, ki ɗauki baƙar maka, wato biron nan mai kaurin rubutu, ki zana ido biyu da buɗaɗɗen baki a saman ledar, ya zama fatalwa, minti goma kin gama 24, sai dai shi ma yana son sanyi, ki sa a jakar kula da ƙanƙara. Ƙananan ledojin pretzel, wato busasshen biskit ɗin nan mai gishiri, ko biskit mai cuku kuwa basa buƙatar komai, ki naɗe kowace da farar takarda sirara ki manna ido biyu, ga gawa mai bandeji babu obin babu nama. Gugguru ma yana yi amma ga manyan yara, 'yan ƙasa da shekara 4 shi ma yana shaƙe su.

Akwai kuma tsintsiyar mayya da ake yi da wannan cukun, a raba shi uku, a tsattsaga ƙasan ya yi gashi-gashi, a soka sandar pretzel a sama a ɗaure da siririn ganyen albasa. Kyakkyawa ce kuma ba girki, amma sandar tana jan danshi daga cukun ta yi laushi, dan haka ba a haɗa ta tun dare, sai daf da ci, kuma tunda kin buɗe leda ta koma abincin gida a idon makaranta. A shagalin gida tana da amfani a gefen mitfai, musamman ga yaron da baya cin abinda bai sani ba, kowane taro akwai irinsa ɗaya ko biyu. Tsinken sakace dai kada ya shiga cikin kowane abu da zaki miƙa wa yara, ko dan riƙe ido ko ƙafa, in abu bazai tsaya ba sai da tsinke ki sauya shi.

Toh in zan yanke miki a taƙaice gwargwadon halin da kike ciki, makarantar da ta ce na kanti kawai, ko kuma wadda zaki ajiye abu tun safe babu firij, ki tafi da ledoji masu ado, kada ki wahalar da kanki. Ajin ƙanana 'yan shekara uku zuwa huɗu da aka yarda da abincin gida, mitfai ƙanana sosai mara yaji ko fiza a yanka ta huɗu. 'Yan firamare daga aji ɗaya zuwa sama in zaki kai da kanki akan lokaci kuma kina da daren yin aiki, mitfai mai fuskar kabewa, in lokacin ya ƙure miki sosej ɗin halal mai bandeji, minti arba'in kin gama. Shagalin gida ko na 'yan uwa a unguwa, ki gasa mitfai tun safe ki ajiye a firij ki ɗumama a obin, fiza kuma yara su haɗa da kansu. Yawan da zaki yi ki lissafa biyu ga kowane yaro in ƙanana ne, ki ƙara kamar shida saboda malamai da iyayen da suka zo taimako, ranar ciki ya riga ya cika da alewa, basa cin abu mai gishiri da yawa kamar yadda muke zato. Kecaf ki zuba shi a ƙananan kofuna masu marfi ɗai-ɗai maimakon kwano ɗaya da kowa zai dinga tsoma hannu, ƙarshen Oktoba lokacin mura ne a makarantu.